Tari Ɗaya Gaba, Tari Biyu Baya

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, Minti-Biyar ya taka kujera, ya miƙa hannu saman kabad ɗin makarantar koyon tuƙi ta yayarsa, ya ce kowa ya ja baya ya ba masana wuri.

Bakinsa ne ya jawo masa wannan suna. Duk abin da ya lalace a duniya, daga famfo har jirgin sama, in aka ambata a gabansa sai ya taɓe baki ya ce aikin minti biyar ne. Shi ya fi so a kira shi Injiniya, amma ba mai kiransa haka sai mai neman aron caja ko mai neman tsokana. Yayarsa kuwa Auta take ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne.

Makarantar ba wata babba ba ce: ɗaki ɗaya, baranda, motoci biyu, ɗalibai ashirin da uku. Mijin Yaya ne ya kafa ta, ya rasu ya bar mata ita da 'ya'ya huɗu, ita ce cinsu, ita ce shansu. To, takarda ta zo daga hukumar da ke sabunta lasisi, cewa ranar Alhamis da ƙarfe goma sufeto zai zo dubawa. An kuma yi sabuwar doka. Darussan alamomin hanya suna cikin wata laftof da hukumar ta sa wa manhajarta, kuma tilas a haska su a babban allo yadda na bencin baya zai gani. Makarantar da ta kasa, a rufe ta wata shida, sai zagaye na gaba.

Mai Hoto, wanda shagonsa ke jikin bangon makarantar, ya ce a ɗauki talabijin ɗinsa aro. Yaya ta buɗe baki za ta yi godiya, Minti-Biyar ya riga ta. Ya ce abin kunya ne gidan da ke da injiniya ya yi aron talabijin, alhali ga tsohuwar kwamfutar marigayi can saman kabad, mai allo inci ashirin da bakwai. Waya ɗaya za a soka mata ta koma allon laftof. Ya kuma faɗi tsawon lokacin da aikin zai ci.

Irin kwamfutar nan ce da aka haɗa allo da inji a jiki ɗaya. Fara ce a da, yanzu ta koma launin haƙorin tsoho. Shekararta goma sha ɗaya, shida daga ciki a saman kabad, har zanzaro ya gina ɗakuna uku a bayanta. Ya jawo ta, kujera ta goce, ya tare kwamfutar da haɓa. Bayan ya tofar da jini ya ce haka ake sauke irinsu, ba a son su taɓa ƙasa kai tsaye.

Aka kunna ta. Sai da ta yi minti goma sha huɗu tana tunani kafin ta buɗe ido, ta nuna hoton marigayi jingine da motarsu ta farko, yana dariya. Yaya ta tashi ta fita baranda, ta ce za ta duba tayar mota.

Minti-Biyar ya soka waya a laftof, ya soka ɗaya bakin a ramin da ke bayan tsohuwar. Marigayi ya ci gaba da dariya. Ya cire, ya hura ramin, ya mayar. Ya juya wayar, kai ya koma wutsiya, don a cewarsa wasu wayoyin bahagwai ne. Marigayi bai motsa ba.

Mai Hoto ya shigo, ya sa tabarau, ya leƙa bayan kwamfutar.

"Injiniya, wannan ramin wanwe ne. Hoto fita yake yi ta nan, ba ya shiga."

"Rami rami ne. Ƙofar shagonka da ake fita ta cikinta, ta taga ake shiga?"

"Shagona yanzu ko ta taga ba a shiga, kowa yana da waya. Amma dubi 'yar kibiyar nan da suka zana, waje take kallo."

"Wannan shawara ce, ba doka ba."

Kawunsu na zaune a bakin ƙofa yana wanke tsumman goge mota. Tsohon direban tirela ne, shekara talatin da huɗu a hanya ba a taɓa tsayar da shi kan laifi ba, yanzu shi ke zama gefen ɗalibai yana taka musu birki. Bai ɗago kai ba ya ce ya san mutane da dama da suka ɗauki kibiya a matsayin shawara, kuma da hannunsa ya taimaka aka zaro wasunsu daga cikin motocinsu.

Minti-Biyar ya tafi kasuwa, ya dawo ƙarfe ɗaya saura kwata da adafta huɗu. Ya soka wannan cikin wancan, wancan cikin na gaba, har abin ya kai tsawon kamu guda yana rinjaya, ya tallafe shi da cokali da salatif. Sannan ya shiga danne-danne a laftof da yatsu uku lokaci ɗaya. Sai allon laftof ɗin ya yi baƙi ƙirin.

Yaya ta dafa bango. Ta tambaye shi a hankali ina darussan hukuma suka tafi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai wannan albishir ne: hoton ya bar laftof, yana cikin waya, yana hanya. Abin da ya rage a taimaka masa da gangara. Ya ɗora laftof saman kabad, ya sauke tsohuwar ƙasa kan tabarmar mota, ya riƙa shafa wayar daga sama zuwa ƙasa kamar mai tatsa.

Kafin nan taga ta cika da kawuna. Tela ya zo da awo a wuya, mai aski ya bar wani da rabin kai. Tela ya tambaya ko hoton a ƙafa yake zuwa. Mai aski ya ce watakila ya tsaya shan mai a adafta ta uku. Aka yi minti arba'in ana jiran baƙo. Daga bisani Mai Hoto ya miƙa hannu ya zare wayar, laftof ta haskaka tamkar ba abin da ya faru. Minti-Biyar ya juyo da ɓacin rai, ya ce an mayar masa da aiki baya, saura ɗan taƙi hoton ya iso.

"Talabijin tana nan dai," in ji Mai Hoto.

"Ka yi ta kallon kanka a ciki."

Laraba da safe, da Yaya ta fita da ɗalibai, ya kwantar da kwamfutar rub-da-ciki ya ɗauko sukundireba. Shirinsa ya kwance ramin ya juya shi ya fuskanci ciki. Kusoshi goma sha tara ya cire. A gaban fankar injin ya tarar da wani ɗan soso, ƙurar shekara goma sha ɗaya ta taru a jikinsa da bayansa. Ya yanke hukunci cewa shi ne shingen da ke tare hoto, ya jefar da shi ta taga. Ramin kuwa ya same shi a like da dalma, ko gezau. Ya rufe bayan, kusoshi goma sha shida suka koma, uku suka shiga aljihu.

Wajen sha biyun rana ya zauna shi kaɗai a bencin gaba, sannan ya miƙe da niyyar zuwa aron talabijin. Taku goma sha biyu ne tsakaninsa da shagon Mai Hoto. Ya yi tara daga ciki. A nan ya jiyo muryar Mai Hoto yana ba tela labarin tatsar waya, yana kwaikwayon hannun, tela yana dariya har da buga keken ɗinki. Minti-Biyar ya yi kamar ya zo duba kwata ne, ya juya.

Da ƙarfe huɗu da minti bakwai dabara ta zo masa. Ya kulle ƙofa, ya tuɓe riga saboda zafi, ya rage daga shi sai singileti. Ya buɗe darussan a laftof, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, shafi arba'in da biyu, ya juye su cikin tsohuwar kwamfutar. Ya huda gefen kabad, ya zura wayar kibod ɗin tsohuwar ta hudar, ya ajiye kibod ɗin a ciki. Wayar adafta huɗu ya bar ta a fili da cokalinta, don idon jama'a.

Saura wanda zai zauna a kabad. Ya sami Kawu ya yi masa bayani cewa sabon tsarin nan irin motar koyo ne, mai birki biyu: ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gaban malami. Shi zai danna a laftof, Kawu ya danna a ciki. Tari ɗaya, kibiyar dama, a ci gaba. Tari biyu, kibiyar hagu, a koma baya. Kawu ya tambaya don me sai a kabad. Aka ce masa haske yana ɓata sigina. Ya tambaya ko Yaya ta sani. Aka ce masa ana so a ba ta mamaki. Kawu ya ce shi dai in an ba shi alama ba ya ƙetare ta.

Ƙarfe biyar da rabi aka gwada a gaban Yaya, minti takwas. Minti-Biyar ya danna, ya yi tari, alamar tsayawa ta fito a babban allo. Ya danna, ya yi tari, ga alamar kwana. Yaya ta koma bencin baya ta ga komai tar. Idonta ya kawo ruwa.

"Auta, na raina ka. Ka yafe mini."

Ya ce ba komai, haka ake yi wa masu ilimi tun asali. Ta ce ya nemi maganin tarin nan kafin gobe. Ta leƙa ta gaya wa Mai Hoto ya bar talabijin ɗinsa, an gode. Mai Hoto ya zo ya zagaya kwamfutar sau biyu, ya taɓa cokalin, ya fita yana susar ƙeya. Wannan susar ta fi wa Minti-Biyar komai daɗi a makon.

Alhamis, tara da minti arba'in, Kawu ya shiga kabad da 'yar kujera da tocila da gorar ruwa. Ɗalibai ashirin da uku suka cika benci. Tela da mai aski da Mai Hoto suka kama taga. Goma da minti huɗu sufeto ta iso, mace ce mai matsakaicin shekaru, da jaka da fom da biro biyu. Ta duba motoci, ta duba birki, ta duba rajista, ta yi maki. Sannan ta zauna a bencin gaba, daidai saitin kwamfutar, ta ce a fara.

Minti-Biyar, cikin rigar da aka goge har tana tsayuwa da kanta, ya fara da taƙaitaccen tarihin yadda ya shawo kan matsalar da ta gagari kamfanin da ya ƙera injin. Ya danna, ya yi tari. Shafi na ɗaya ya fito.

A shafi na uku sufeto ta tambayi mene ne wancan abu mai ruwan ƙasa a kusurwa. Babban yatsansa ne. Ya ce, ranki ya daɗe, sabon tsari ne, yana nuna wa ɗalibi inda zai duba. Ta ce to yana nuna masa wajen allo. Ya ce ai direba nagari har gefen hanya yake dubawa.

A shafi na biyar ta ce agogon da ke ƙasan allo yana cewa huɗu da minti goma sha ɗaya, nata kuwa goma da rabi bai yi ba. Ya ce injin yana bin lokacin ƙasar da aka ƙera shi. Ta ce a shafin baya ma huɗu da sha ɗaya ne. Ya ce mutanen can ba sa gaggawa.

Shafi na bakwai na tuƙi cikin duhu ne, baƙi ne kusan duka. A cikin baƙin, sarai, ga wani mutum da singileti, ya ɗaga waya, ya ciji leɓe. Wata ɗaliba a benci na biyu ta sa gefen gyale a baki. Sufeto ta dubi allo, ta dubi Minti-Biyar, ta sake duban allo.

"Wannan fa?"

"Mai tafiya a ƙasa ne, ranki ya daɗe. Irin waɗanda ke fitowa ba zato."

"Na ga kamar na san shi."

"Suna da yawa a gari."

Ta rubuta wani abu. A lokacin tsohuwar kwamfutar ta yi minti ashirin da biyar a kunne, abin da ba ta yi ba tun da aka jefar da sosonta. Ta yi zafi. Fankarta ta tashi da ƙara kamar injin niƙa, bayan da ya rasa kusoshi uku ya hau karkarwa, ƙurar da soso ya tare shekara da shekaru ta sami hanya. Ta fito ta ƙasan allo a hankali, launin toka, ta nufi bencin gaba.

Sufeto ta yi tari. Allo ya tsallaka zuwa shafi na takwas.

Hannun Minti-Biyar yana cikin aljihu a lokacin. Ya zaro shi da sauri ya danna laftof don ta kamo. Sufeto ta yi tari biyu, allo ya dawo kan mai singileti. Wani ɗalibi ya yi ɗaya, na kusa da shi ya yi biyu, wata tsohuwa a baya ta saki nata jere. Kawu kuwa mutum ne mai riƙon amana. Bai bar ko ɗaya ya wuce ba. Alamar asibiti ta zo ta wuce, gada ta zo, shanu suka gifta, aka koma gada, aka yi shataletale, mai singileti ya leƙo ya ɓace ya sake leƙowa. Minti-Biyar na bin su da yatsa a laftof, yana gaba suna baya, yana baya suna gaba, yana bayani cewa wannan shi ake kira bitar gaggawa. Ƙurar ta kama shi shi ma. Ya danne tarin har idonsa ya yi ja, abin ya ƙwace masa sau huɗu a jere. Da ya sami numfashi ya roƙi jama'a, in ba damuwa, wanda abin ya matsa wa ya mayar da shi atishawa.

Mai aski ya zame daga taga, sai ƙafafunsa ake gani. Yaya tana tsaye jikin ƙofa, ba ta tari, ba ta dariya. Kabad take kallo.

Sufeto ta ɗaga hannu, ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ta tashi, ta rufe murfin laftof. Allo bai mutu ba. Ta zare wayar adafta huɗu, cokali ya faɗi ƙasa. Alamar makarantar yara na nan daram.

Ta gyara tsayuwa, ta yi tari ɗaya, mai tsabta. Alamar layin dogo ta fito. Ta yi biyu. Yara suka dawo. Minti-Biyar ya fara cewa wannan ita ce fasahar da ke aiki da murya, wadda ko a manyan ƙasashe ba ta gama yaɗuwa ba. Ba ta dube shi ba. Ta yi tari uku, a tsanake, ɗaya bayan ɗaya.

Allo bai motsa ba. Can daga cikin kabad wata murya ta fito, a gajiye, cikin ladabi.

"Auta, uku fa ba mu yi da kai ba."

Ba wanda ya buɗe kabad ɗin. Sufeto ta koma benci, ta kaɗe ƙura daga fom, ta yi rubutu na minti shida. Ta tambayi Yaya ko da saninta aka yi. Yaya ta ce a'a. Ta tambaye ta wane ne wannan mutum a makarantar, malami ne ko ma'aikaci. Yaya ta ce ƙanenta ne. Sufeto ta ce ita ma tana da ƙane, ta san yadda abin yake, amma fom ɗin ba shi da gurbin wannan. Motoci lafiya, birki lafiya, rajista lafiya, allo babu. Ta buga hatimi, ta rubuta rana a watan Satumba, ta karɓi laftof ɗin hukuma ta sa a jaka. Minti-Biyar ya bi ta har mota yana tambaya ko hukuma na bukatar mai ba da shawara kan fasaha. Direbanta ya ɗaga gilashi.

Ɗaliban ba su yi hayaniya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka ce wa Yaya sannu, suka karɓi katinsu, suka gangara titi inda wata makarantar take bayan gidan mai. Masu gwaji a watan nan suka fara tafiya, sauran suka bi. Tela ya tuna yana da ɗinki. Mai aski ya koma wurin kan da ya bari.

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, ga waɗanda suka rage a ɗakin.

Yaya, a bencin gaba, da makullan motoci biyu a cinya.

Tsohuwar nan ta bencin baya, wadda ta faɗi gwaji sau biyar, ta ce ita ba ta gaggawa, za ta jira Satumba.

Mai Hoto, wanda ya shigo ba a kira shi ba, ya kashe kwamfutar daga bango, ya ɗauki tsintsiya.

Kawu, a cikin kabad, wanda ya ce a bar shi tukuna, ba zai fito ba sai duk wanda ya san fuskarsa ya yi nisa.

Sai Minti-Biyar, tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce ya zauna.